Abin Wuyan Nanuk

Nuuk, 9 ga Nuwamba

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Goggo Inaluk da karnuka duka goma sha ɗaya. Na san rana ta faɗi a Savissivik, ba za ta sake fitowa ba sai Fabrairu. Allah ya sa an tara nama isasshe.

Wata bakwai ke nan ba ka yi mini magana ba. In na kira waya, Goggo ta ce ka fita duba karnuka, alhali ina jin tarinka a bayanta. Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda ba ruwanta da kunne, ba za ka ce ba ka ji ba.

Ban manta da ranar ba. Ka iso da keken karnuka a kan ƙanƙarar teku, ka tarar da ni durƙushe kusa da macen nanuk, beyar ƙanƙara, da muka harba wa allurar barci daga jirgi mai saukar ungulu. Hannuna na cikin bakinta ina duba haƙora, sannan na ɗaura mata abin wuya mai na'ura. Idonta a buɗe, harshenta a waje. Ka daɗe kana kallonmu, ka ce, "Na kashe nanuk talatin da huɗu, ban taɓa wulaƙanta ko ɗaya ba." Ka juya karnukanka ka tafi.

Ba gardama na zo yi ba. So nake ka ji abin da ta yi bayan ta farka, tunda na'urar tana nuna mana inda take kullum. A wata shida ta yi tafiyar da ta fi daga gidanmu zuwa Nuuk. A watan Agusta ƙanƙarar da take kai ta narke, ta faɗa ruwa. Kwana huɗu tana iyo, ba ci, ba hutu, a ruwan da mutum ba ya rabin sa'a a ciki. Ina zaune gaban allo ina kallon ɗigonta yana matsawa a tsakiyar teku, abinci ya ƙi shiga bakina. Da ta taka ƙasa duk ofis aka yi tafi, ni kuwa na shige banɗaki na yi kuka. Abokan aikina farin beyar suke ce mata, ko lamba arba'in da bakwai. Ni a raina nanuk ce, yadda ka koya mini.

Ga damuwata. Ran goma sha tara ga Oktoba ta hau gangaren tsaunin da ke ƙuryar mashigin ruwan gabas da ku, tafiyar kwana biyu da karnuka. Ta tsaya wuri ɗaya. Bayan kwana uku na'urar ta yi shiru. Ko dai ciki gare ta, ta haƙa kogo a dusar ƙanƙara ta shige, ko kuma abin da ka faɗa wa Goggo ne ya auku: ta yi ƙiba, abin wuyan ya shaƙe ta. Ni na auna shi. Na bar wurin yatsu huɗu. Kullum sai na tambayi kaina ko ya isa.

Jirgi ba zai je can cikin duhu ba, kuma ko rana ta dawo, ƙararsa za ta firgita ta in tana da 'ya'ya. Mutum ɗaya na sani da zai iya zuwa wurin ba ta damu ba. Na sa taswira a cikin ambulan. In ta mutu ina so in sani, domin zan ajiye aikin nan.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Tukummek

Savissivik, 2 ga Disamba

Tukummek 'yar ƙanena,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe ki da aiki. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da duhu da taurin kan ubanki, duka ukun kuwa mun saba da su.

Wasiƙarki ta iso da jirgin Laraba. Ya karɓe ta kamar an miƙa masa garwashi. Wai in ajiye, ba ya ganin ƙananan rubutu. Na ajiye a kan tebur na tafi coci gwajin waƙa. Da na dawo sai ga tabarauna a hancinsa, taswirarki a shimfiɗe, shayinsa ya yi sanyi ƙalau.

Na ce, "A'a, Masauna, makaho ya warke?"

Ya ce, "Dubawa nake ko yaran nan sun iya zana tsauni. Ba su iya ba."

Na ce, "To me zan rubuta mata?"

Ya ce, "Kada ki rubuta komai."

Can yana ɗinkin ragamar karnuka, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Kwana huɗu a ruwa?" Na ce haka ta rubuta. Ya ja zare ya ƙulle. Sai ya ce, "Babanmu ya taɓa gaya mini suna yin haka. Na zaci hirar tsofaffi ce."

Daga nan ya ɗora yatsa a kan ɗigon da kika yi da jan biro. Ya ce wannan gefen ne iska take tara dusar ƙanƙara, tsayin mutum uku. Ya ce dabbar da za ta mutu gangarowa take yi bakin ruwa, ba ta wahalar da kanta da hawan tudu. Ya ce wannan ma kada in gaya miki. To ga shi na gaya miki. Ni ce babba, ni na goya shi.

Amma ki saurare ni. Shekarunsa sittin da tara. Gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa da safe, kunnen dama kuwa bindiga ta cinye shi tuntuni. Kin san abin da kika roƙa kuwa? Ban ce ki janye ba, ban kuma ce kin kyauta ba.

Ga busasshen kifi nan da safar da na saƙa miki. Ki dinga cin abinci, hotonki na ƙarshe duk ƙashin wuya ne.

Goggonki,
Inaluk

Savissivik, 20 ga Fabrairu

Uwata,

Ina gaishe ki. Rana ta leƙo shekaranjiya, mun hau tudu mun yi mata maraba.

Sunan mahaifiyata na sa miki, don haka ba zan yi miki ƙarya ba, ba kuma zan ɗaga miki murya ba. Ba zan je ba.

Ga dalili. Nanuk yana ji. Abin da aka faɗa a kansa a cikin ɗaki, yana jin sa a kan ƙanƙara. Shi ya sa ba ma yi masa dariya, ba ma cika baki cewa gobe za mu kashe shi. In ya ba da kansa mu karɓa, mu raba naman gida gida, mu ɗinka wando da fatar. Ki dube shi in ya miƙe a kan ƙafa biyu, wa kike gani? In aka feɗe shi kuma ya fi kama da mutum. Mai irin wannan kamanni ba a kwantar da shi ya farka da ƙarfe a wuya da lamba a kunne, bai san abin da aka yi masa ba.

In ta mutu, zuwana ba zai tashe ta ba. In tana raye, mai jego ce, kuma namiji ba ya leƙa ɗakin mai jego don kawai 'yarsa ta samu barci.

Maganar ajiye aiki kuwa, tsakaninki da zuciyarki.

Kifin da goggonki ta aiko miki ni na kama shi. Na san ba ta faɗa ba.

Mahaifinki,
Masauna

Savissivik, 4 ga Afrilu

Tukummek,

Gaisuwa a gurguje, jirgi na jira. Jiya a waya na ce miki ya tafi farauta bai dawo ba. Sauran ban iya faɗa ba, matan maƙwabta sun cika ɗakin.

Ba farauta ya tafi ba. Ran ashirin ga Maris ya ɗaura wa karnuka ragama, ya ce zai zagaya ramukan da natsik, dabbobin ruwan nan masu kitse, ke leƙowa daga teku su shaƙi iska, kwana uku ya dawo mana da kitse. Da na zo shara na ga taswirarki ba ta ƙarƙashin agogo inda ya ɓoye ta. Na duba ma'aji. Ya kwashi naman kwana goma sha biyu, ya ɗauki madubin hangen nesa. Yau kwanansa goma sha biyar.

Makon jiya guguwa ta taso, kwana uku mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Da ta lafa, maƙwabcinmu Kulutana ya bi gabas neman sa. Ya tarar ƙanƙarar bakin mashigin ta tsage, ruwa baƙi ƙirin a tsakani, faɗin da kare ba zai tsallake ba. Ya dawo. Ya ce in sanyi ya ƙaru za ta haɗe cikin 'yan kwanaki, sannan ya sake komawa neman sa. An sanar da hukuma, jirgi zai tashi in gajimare ya ɗaga, amma har yau bai ɗaga ba.

Ba don ki zargi kanki na rubuto ba. Ba a taɓa tura ubanki inda bai yi niyya ba, ko marigayiya uwarki ba ta iya ba. Na rubuto ne don in kin durƙusa addu'a ki san abin da kike roƙo.

Goggonki,
Inaluk

Nuuk, 6 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka duk inda kake. Ban san ko za ka karanta wannan ba, amma na kasa zama hannu sake.

Na janye roƙona. Ba na son sani. Ko ta mutu, ko tana raye, ko ta haifi goma, ba ruwana. Ka ce ba za ka je ba, na yarda, har na ji sanyi a raina. Me ya sa ba ka tsaya a kan maganarka ba, kai da ba ka taɓa sauya magana ba?

Ka dawo, ko da ba za ka ƙara yi mini magana ba har abada. In kira waya in ji tarinka a bayan Goggo, ya ishe ni.

'Yarka,
Tukummek

Savissivik, ɗakin jinya, 13 ga Afrilu

Uwata,

Ina gaishe ki, ina kuma shaida miki ina raye, tunda na ji har an fara rabon karnukana da baki. Kulutana ya same ni a hanyar dawowa ina jiran tsagar ta haɗe. Yatsun ƙafa biyu sun yi baƙi saboda sanyi, mai jinya ta ce sai an cire. Dama ba su taɓa yi mini wani aikin kirki ba. Wasiƙarki na tarar a nan. Kin ce ba kya son sani. Ba gaskiya ba ne, don haka gyara zama ki ji.

Na ɗaure karnuka nesa, bayan wani dutsen ƙanƙara, inda iska ba za ta kai mata warinsu ba. Na gina ɗan shinge a tudun da ke fuskantar gangaren, kullum in zo da ƙafa in kwanta a bayansa. Kwana huɗu ban ga komai ba sai fari. Na ce a raina, tsoho, 'yarka ta kashe ta, kai kuma za ka mutu kana gadin kabari. Ran na biyar rana ta bugi gangaren a karkace, sai na hango wani ɗan rami kamar bakin kofi, gefensa ya yi rawaya, siririn tururi na fita. Numfashi ne, Uwata. Akwai mai rai a cikin tsaunin. Na tarar da hulata a hannuna, ban san lokacin da na cire ta ba.

Sai guguwar ta zo. Na koma wajen karnuka muka kwanta tare kwana uku.

Da ta lafa na dawo, na ga an fasa gangaren daga ciki. Baƙin hanci ne ya fara fitowa. Ya daɗe yana shinshinar iska. Sannan kai, sannan kafaɗu. Ita ce, ga lambarku a kunnenta. Wata biyar da rabi ba ta ci ba, fatarta na reto a jikinta kamar rigar aro. Ta yi birgima, ta goge baya, ta sulalo daga gangaren a kan cikinta kamar yarinya. Sannan ta waiwaya ta yi kira. Ban ji ba, maƙogwaronta na ga ya motsa.

Sai ga su. Biyu. Ba su fi kwikwiyo ɗan wata uku ba, farare fat, har ita ta koma rawaya a kusa da su. Na farkon ya fito da ƙarfinsa, ya faɗi, ya mirgino har ƙafarta. Na biyun ya toge a bakin ramin yana ƙifta ido, bai taɓa ganin rana ba. Ta zauna zaman mace, ta jingina da tudu, ta rungume su a ƙirji suna sha. Ki yi tunani. Wadda ba ta sa komai a baki ba tun Oktoba, ina ta samo nono? Jikinta take narkarwa tana ba su.

Ran na uku da fitowarsu tana zaune, sai ta ɗaga hanci ta sandare. Ni ban ga komai ba. Na yi ta zagayawa da madubi, sai can a kan teku na hango shi. Namiji, ƙato, irin wanda sawunsa ɗaya ke cinye ƙafafuna biyu. Ya ninka ta biyu har da ƙari. Yana tafe a hankali, hanci a ƙasa, bai karkace ko'ina ba. Kin san abin da namiji yake yi wa 'ya'yan da ba su iya gudu ba.

Na ɗora bindiga a kan shinge. Ina da izinin namiji ɗaya bana, kuma goggonki ta shekara biyu tana ce mini wandona ya mutu. Ya shigo inda harsashi zai same shi. Yatsana na kan kunama. Amma na ji tsoron ƙarar ta firgita ta, ta kwashi yaran da gudu ƙafarsu ba ta yi ƙwari ba. Ina cikin wannan tunani ta raba mini gardama. Ta tura yaran rami da hanci, ta sunkuyar da kai, ta gangaro.

Ba gudun tsoratarwa ba ne. Ta zo kamar dutsen da ya ɓalle daga kan tsauni. Ta buge shi a kafaɗa, ni kurma sai da na ji karon a ƙirjina. Ya miƙe tsaye, ta miƙe tsaye, kanta bai kai haɓarsa ba. Ya mare ta ta faɗi, jini ya fantsama a kan fari. Ta tashi ta koma. Ya sake kayar da ita. Ta koma. A karo na huɗu ta cafke shi a fuska ta ƙi saki. Da ya ƙwace sai ya ja da baya, ya tsaya yana kallonta kamar mai shawara da zuciyarsa. Sannan ya juya ya kama hanyar teku yana waiwaye. Ta raka shi har ya zama ɗigo.

A hanyar komawa ta biyo ta gindin tuduna. Taku ashirin tsakaninmu. Ta tsaya ta ɗago kai. Ta san ina nan tun ranar farko, na gani a idonta. Tana haki, kafaɗarta na zubar da jini. Na ajiye bindiga, na ce, "Baiwar Allah, ba da sharri na zo ba. 'Yata ce ta aiko ni in yi miki barka." Ta kalle ni tsawon numfashi uku. Ta wuce.

A nan na ga wuyanta da kyau. Babu abin wuya. Amma akwai zobe kewaye, faɗin tafin hannu, inda gashi ya cinye har baƙar fatar ta fito.

Bayan kwana biyu ta gangara da su teku. Ina kallo ta tsaya a wani wuri da ba shi da bambanci da ko'ina, ta miƙe tsaye, ta faɗo da ƙafafun gaba sau biyu, ta zaro ɗan natsik daga ƙarƙashin dusar ƙanƙarar da za ta kai mini ƙugu. Da hanci kawai ta san yana nan. Ta ci, yaran na lasar bakinta.

Sai na hau gangaren na shiga ɗakinta da rarrafe. Doguwar hanya ce mai hawa sama, don kada ɗumi ya gudu. A ƙarshenta ɗaki kewayayye, ana iya zama amma ba a iya tsayuwa. Numfashinta ya mai da bangon santsi kamar gilashi, rufin kuwa duk zanen farce. Tsaf yake, ba ƙazanta. A gefe yaran sun haƙa nasu ɗan lungu. Haske na ratsowa ta sama, shuɗi. Shekara hamsin ina bin sawunsu, ban taɓa shiga inda suke farawa ba. Na zauna har na manta ina da ƙafa, a nan nake jin yatsun suka tafi.

Abin wuyanki yana can ƙurya. Da ta rame ta zare shi ta kai. Yanzu yana ƙarƙashin gadona.

Ba ki kashe ta ba. Kin ji mata ciwo. Ni kuma ba don jan ɗigonki ba, da na shiga kabari ban ga abin da na gani ba. Duka biyun gaskiya ne, ban san yadda zan haɗa su ba.

Na gaji da rubutu. Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Masauna

Nuuk, 16 ga Afrilu

Baba,

Sannu, sannu da jiki, sannu da hanya. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin gidan waya, na zo gida na sake karantawa a zaune.

Ashe yatsu huɗu ba su isa ba. Ban ajiye aiki ba, amma na shiga wurin shugabana na gaya masa hannuna ba zai ƙara ɗaura wa wata abin wuya ba. Akwai masu gwada gane su ta gashin da suke bari da sawun da suke takawa, ba tare da an taɓa su ba. Aikin yana son wanda ya iya karanta sawu, mu kuwa a nan allo muka iya karantawa. Za mu yi maganar in na zo.

Na samu wuri a jirgin makon gobe. Abu ɗaya ka gaya mini kafin nan. Ciwon kafaɗar nan, za ta rayu da shi? Yaran fa?

Ka gaishe mini da Goggo, ka kuma bi maganar mai jinya ko sau ɗaya.

'Yarka,
Tukummek

Savissivik, 19 ga Afrilu

Uwata,

Ina gaishe ki. Ban sani ba. Na ga ta yi farauta da ciwon, iyakar abin da na gani ke nan. Sauran yana wurin Allah da ƙanƙara.

An cire yatsun. Ina so ki ga ɗakin da ta haihu da idonki, amma ba zai wuce tsakiyar Mayu ba, rana ta fara lasar rufin. Ni ba zan iya tuƙi ba, ƙafa a naɗe take. Ke za ki riƙe bulala, ni in zauna a baya kamar kaya. Karnukan sun manta muryarki, za su raina ki kwana ɗaya.

Goggonki ta ce sai dai a kan gawarta. Tana nan tana ɗinka miki takalma.

Ki zo da wuri.

Mahaifinki,
Masauna